"Haka Muka Taso Muka Gani": Fashin Baƙi Kan Gadon Hali Da Godiya Ga Iyaye

Ka tari Bahaushe ɗan shekara arba'in ko hamsin ka tambaye shi wace rana ce mahaifinsa ya zaunar da shi ya yi masa darasi a kan riƙon amana. Zai yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce shi dai bai tuna ba. Amma ka ba shi ajiya ka yi shekara biyu ba ka waiwaye ta ba, ranar da ka dawo zai ɗauko maka ita da ƙullin da ka yi mata. In ka matsa masa da tambayar inda ya samo wannan hali, amsarsa ba za ta wuce "ai haka muka taso muka gani" ba. Bai ce haka aka faɗa mana ba, gani ya ce. Wanda ya gane bambancin nan ya gane rabin yadda tarbiyya ke tafiya a ƙasar Hausa, ya kuma gane dalilin da ya sa godiyarmu ga iyaye take da wata kama da baƙo ba ya saurin fahimta.

A gidan gargajiya, baki kusan a rufe yake tsakanin iyaye da 'ya'yan da suka haifa. Alkunya ce ta rufe shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai dai "yaron nan" ko "kai wane". Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in kuwa ya yi faɗa da ɗan maƙwabta nata za ta kama ta daka ko da shi ne mai gaskiya. A wajen Fulani abin ya ma fi tsanani. Uba kuma ba abokin hira ba ne. Ka zo ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi, ya ce "lafiya lau, Allah ya yi albarka", shi ke nan zance ya ƙare. Aikin magana an raba wa wasu. Kaka ce ke tatsuniya da dare, ita ce abokiyar wasa da tsokana. Malamin allo ne ke biya karatu, in an yi nisa a shiga Ahalari da Ishmawi. Kawu da gwaggo su ake turawa in za a yi wa yaro faɗa mai nauyi ko za a ji ra'ayinsa kan aure. To iyayen da suka haife shi fa, me ya rage musu? Abin da ya rage shi ne su rayu a gabansa, shi kuma yana kallo.

Mu a gidanmu akwai wata langa mai murfi da ba ta kowa ba ce. Kullum in an kwashe tuwon dare sai mahaifiyarmu ta saka malmala biyu a ciki ta rufe ta ajiye gefe. In baƙo ya sauka a zaure ita za a miƙa, in babu baƙo almajirin da ya fara sallama ya samu, in kuma har aka kwana ba a taɓa ta ba a yi ɗumame da safe. Ban taɓa jin ta ambaci kalmar karamci ba. Har a shekarun da hatsi ya yi tsada, malmalar tana ƙanƙancewa amma langar ba ta taɓa kwana a kife ba. Yau in na shiga gidajen 'yan'uwana mata, kowace da irin tata langar, wata kula ce ta zamani, wata roba. Babu wadda aka yi wa wasiyya a cikinsu.

A 1974 aka buga wata lacca ta Baturen nan Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, inda ya tattaro halaye goma da ya ga Hausawa na auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ka duba jerin nan da kyau. Babu guda ɗaya a ciki da ake haddacewa. Za ka iya rubuta wa yaro ma'anar haƙuri a allo ya wanke ya sha, amma ba zai san shi ba sai ranar da ya ga an zagi mahaifinsa a bakin kasuwa, ya ga jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya ga ya haɗiye ya ce "Allah ya ba ka haƙuri" ya wuce.

Tsarin rayuwar da ma shi ya tanadi wurin kallon. A gandu, uba da 'ya'yansa maza gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake zubawa, sai an tashi daga aikin gandu kowa ya wuce gayaunarsa. Yaro yana bayan ubansa da 'yar fartanyarsa tun daga shuka har girbi. A nan zai ga ko uban yana cin iyakar gonar maƙwabci ko yana barin ta inda kakanni suka bar ta. A nan zai ga ana ware dami ɗaya cikin goma na zakka kafin a kai sauran rumbu, ya kuma ga ko damin da aka ware mai kyau ne ko wanda tsuntsu ya gama da shi. Ɗan maƙeri da zuga yake farawa. Shekaru zai yi yana danna zuga-zugi kafin a bar shi ya riƙe awartaki, balle ya ɗaga masaba a kan uwar maƙera. Mai kallo daga nesa zai ce ɓata lokaci ne, alhali a zaman nan ne yake koyon launin ƙarfe in ya nuna, yake kuma jin yadda uban ke magana da manomin da ya kawo gyaran garma ba shi da ko sisi sai kaka ta yi. Haka ɗan ma'auni a kasuwar hatsi: tun bai iya lissafi ba ya san ko mudun gidansu cikakke ne ko an buge masa gindi, ya san ko ana ƙara wa tsohuwa gyara. A marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, har yanzu akwai gidajen da rini gado ne a wurinsu. Yarinya kuma tana gindin murhu da turmi, tana ganin yadda uwarta ke raba nama tsakanin 'ya'yanta da 'ya'yan kishiya ranar girkinta. Wannan rabon naman, a ganina, ya fi wa'azin shekara tasiri, ko ta alheri ko ta sharri.

Masana halayyar ɗan Adam sun zo daga baya sun gwada abin a ɗakin bincike. A 1961 Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya ɗauki yara 72 'yan shekara uku zuwa shida. Wasu ya sa suka kalli babban mutum yana jibgar wata 'yar tsanar roba mai iska, yana bugun ta da guduma yana ƙunduma mata maganganu, wasu suka kalli babba yana wasansa cikin natsuwa, wasu ba su kalli kowa ba. Da aka bar kowane yaro shi kaɗai da 'yar tsanar, waɗanda suka ga duka suka hau duka, har da maimaita kalmomin da suka ji. Babu wanda ya umarce su. Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda James Bryan da Nancy Walbek suka wallafa a 1970. Sun sa yara wasan da ake cin lada, aka ajiye akwatin taimakon mabukata a gefe. Wani babban yana wa'azin kyauta amma ya soke nasa a aljihu, wani yana cewa kowa ya riƙe abinsa amma ya zuba a akwatin. Hannun yaran sai ya bi hannun babba, bai bi bakinsa ba. Abin dariya, abin kuma tsoro, shi ne wa'azin bai tafi a banza ba: yaran sun iya maimaita shi ga 'yan'uwansu. Ashe baki biyu ma koyonsa ake yi.

Musulmi bai buƙaci jiran Amurka kafin ya san wannan ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Abdullahi bin Amir yana ƙaramin yaro mahaifiyarsa ta kira shi ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Mu kuwa sau nawa muke cewa yaro "je ka ɗauko takalminka mu tafi", yana juya baya mu sulale? Sau nawa mai bin bashi ke sallama a ce wa yaro "je ka ce ba na nan"? Uban da ya aiki ɗansa da wannan saƙo da hantsi, da yamma kuma ya zane shi don ya yi ƙarya a kan canjin cefane, bai koya masa gaskiya ba. Ya koya masa cewa ƙarya hakkin manya ce, ya jira ya girma.

Sai dai maganar ba ta miƙe sak haka ba, akwai inda take da ƙulli. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, suna cewa kamar kumbo kamar kayanta. Su ne kuma dai ke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Duka biyun gaskiya ne. Ɗan Annabi Nuhu ya ƙi shiga jirgi, Annabi Ibrahim kuma a gidan mai gumaka ya tashi. Sannan ko inda ɗa ya yi kama da ubansa, ta yaya za a rarrabe abin da ya zo a jini da abin da ya shiga ta ido? Binciken tagwaye da Thomas Bouchard ya fara a Jami'ar Minnesota a 1979 ya bibiyi tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi a wani gida, aka kuma samu suna kama da juna ƙwarai a ɗabi'u irin su saurin fushi, son shiga mutane ko noƙewa. Wannan ya nuna akwai rabon jini. Amma jini ba ya gaya wa mutum inda zai kai zafin zuciyarsa. Yara biyu za su gaji taurin kai iri ɗaya, ɗaya ya zama wanda ba a iya saye da cin hanci, ɗaya ya zama wanda ba ya jin bari. Harshen da kake magana da shi, alƙiblar da kake fuskanta, abin da kake jin kunyarsa da abin da kake ɗauka ba komai ba, waɗannan a gida da unguwa ake tsintarsu.

Al'adar riƙo ma ta ishe mu misali. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ɗan fataken Agalawa ne, don haka za a iya cewa fatauci a jininsa yake. Amma mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa Amarya kuma ta tafi Akra, wadda fatakenmu ke kira Ankara, ta bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Masu ba da tarihinsa suna danganta tattalinsa da sabonsa da asusu da zaman da ya yi a hannunta. Mutumin da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya zama babban dillalin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, wanda ake ba da labarin ya kai kuɗin azurfa banki a kan raƙuma ashirin a 1929, da sunan wannan baiwar duniya ta san shi har ya rasu a 1955, da shi kuma ake kiran zuriyarsa har gobe. Jikanyarsa Mariya ita ce ta haifi Aliko Ɗangote, shi ma mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara takwas, ya tashi a gaban kakansa Sanusi Ɗantata. Saboda haka in ana zancen godiya ga iyaye a ƙasar Hausa, wajibi ne a buɗa kalmar ta ɗauki gwaggon da ta yi yaye, da kishiyar uwa da ta riƙe maraya ba ta bambanta ba, da yayan da ya bar karatu don ƙannensa su yi. Da yawa daga cikinsu suna mutuwa ba a taɓa ce musu sannu ba, domin ido yana kan wadda ta haifa.

Misalin da na fi so shi ne na gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu mithƙali 500 na zinariya. Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a madadinsu, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Muhammadu Bello yana ɗan shekara bakwai ko kusa da haka a lokacin, Nana Asma'u ma ba a haife ta ba sai wajen 1793. Amma a gidan da ake ba da wannan labari suka tashi. Shehu ya yi rubutu yana sukar malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, an kuma soke shi don mata na halartar wa'azinsa. Da rubutun kawai ya yi, da wataƙila ya tsaya a takarda. Sai ga shi matan gidansa malamai ne. Asma'u tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi da idonta. Bayan rasuwar mahaifinta a 1817 ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta mayar da wasu waƙoƙinsa Hausa don talakawa su ji, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji, wato jagorar mata, ta ɗora mata malfa ta tura ta ƙauyuka ta karantar da mata. Har ta rasu a 1864 tana kan wannan aiki. In ka tambaye ni mece ce godiyar Asma'u ga mahaifinta, ba zan nuna maka baitocin yabo ba, duk da akwai su. Zan nuna maka tsohuwa da malfa a ka, tana tafe a ƙasa da 'yan mata a bayanta.

Yanzu mu juyo kan ita godiyar. Tunda darasin ba da baki ya zo ba, ita ma ba da baki take komawa ba. Bahaushe zai iya yi wa wanda ya ba shi goro godiya har da tukwici, amma ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya ce "Inna, na gode da rainon da kika yi mini", harshensa sai ya yi nauyi, ita ma ta kawar da kai ta ce "kai tafi can". Sai aka nemi wasu hanyoyi. Ta farko suna ne. Ka haifi ɗa ka sa masa sunan mahaifinka, sannan gida duka ya kasa kiran sunan, a koma Abba ko Baffa ko Walid ko Khalifa, in mace ce Ummi ko Mami ko Walida. Kowane Abba da ka gani yana yawo a unguwa, wasiƙar godiya ce da wani ya kasa karantawa da baki. Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, ana kiransa Mambayya, laƙabin mahaifiyarsa ke nan. Sai kuma albashin farko da ake kaiwa gida a sa albarka, da buhun hatsi da na shinkafa in azumi ya matso, da ɗinkin salla, da rushe ɗakin ƙasa a yi na siminti, da babban burin kowa, wato kujerar Makka. Akwai mutane da yawa da suka biya wa iyayensu hajji su ba su taɓa zuwa ba. Ladan duk wannan a wurin ɗa kalma huɗu ce: Allah ya yi albarka. Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane yadda ƙato mai gemu ke fita daga ɗakin tsohuwa yana share ido saboda kalma huɗu ba.

Alƙur'ani ya haɗa godiyar iyaye da ta Allah a aya guda, a Suratu Luƙman aya ta 14, bayan ya ambaci ɗaukar ciki cikin rauni a kan rauni da yaye a shekara biyu. A Suratul Isra'i aya ta 23 da 24 aka hana ko da "uf", aka kuma koyar da addu'ar da kowane ɗan makarantar Islamiyya ya haddace. Amma ayar da ta fi tsaya mini ita ce ta 15 a Suratul Ahƙaf. Ta ambaci ciki da yaye wata talatin, sannan ta tsallaka da mutum har ya kai shekara arba'in, a nan ne ta sa masa addu'ar neman ikon gode wa ni'imar da aka yi masa shi da iyayensa, ta kuma haɗa da roƙon a kyautata masa zuriyarsa. Shekara arba'in. Lokacin ne mutum ya biya kuɗin makaranta ya ji zafinsa, ya kwana a asibiti da yaro a kafaɗa, ya ce "na ƙoshi" alhali bai ci ba don abincin ya isa. Sai a lokacin yake gane cewa "na ƙoshi" ɗin da mahaifiyarsa ke yawan faɗa ba ƙoshi ba ne. Matsalar ita ce sau da yawa ganewar tana zuwa ne a daidai lokacin da masu ita suka tsufa ko suka tafi.

Ba zan ɓoye ra'ayina a kan alkunya ba. Tana da kyau, ita ce ta hana iyaye shagwaɓa 'ya'ya da fifita nasu a kan na wasu. Amma al'ada ce, ba addini ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u bin Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Na zauna a zaman makoki da dama, kuma kukan da ya fi ciwo shi ne na wanda ya yi wa mahaifinsa komai na kuɗi amma bai taɓa zama ya yi hirar minti talatin da shi ba. Shirun da ya yi aiki a zamanin gandu ya yi ne don ana tare daga asuba zuwa magariba, ido yana cike gurbin baki. Yau gandu ya watse. Uba ya fita yara na barci, ya dawo sun yi barci, ko kuma yana Legas ko Abuja sai bayan wata uku. Yaro bai san me ubansa ke yi a ofis ba, bai taɓa ganin an miƙo masa cin hanci ya ture ba, bai ga komai ba sai fuskar gajiya da waya a hannu. In aka riƙe shirun da, aka kuma rasa zaman tare na da, to an yi biyu babu. Idon yaro kuwa ba ya zama haka nan, zai nemi abin kallo, ga TikTok nan a tafin hannunsa, ga majalisar bakin layi. Zama da maɗaukin kanwa dai an san abin da yake kawowa.

Ita ma godiyar ta sauya kaya. Yanzu a tura kuɗi ta waya a ce an sauke nauyi, ko a ɗora hoton tsohuwa a Facebook da dogon yabo wanda ita ba za ta taɓa karantawa ba, ƙila ma ba ta san an ɗauke ta ba. Ban ce kuɗin ba su da amfani ba, wanda ya ga tsadar magani ba zai faɗi haka ba. Amma tsohon da ya yi shekara saba'in ba buhun shinkafa ne ya fi damunsa ba. Yana son a zo a zauna a tabarmarsa, a nemi shawararsa ko da an riga an yanke hukunci, a saurari labarin da ya riga ya bayar sau goma kamar yau aka fara ji. Kuma 'ya'yanka suna kallon yadda kake amsa wayar kakarsu, ko da fara'a ko da tsaki.

Akwai kuma waɗanda wannan zance duka yake yi wa ɗaci, bai kamata a tsallake su ba. Yaron da aka kai almajiranci yana ɗan shekara biyar ba a sake leƙo shi ba. Yarinyar da aka saki uwarta aka bar ta a hannun wadda ba ta ƙaunarta. Wadda aka yi wa auren dole da barazanar tsinuwa da "ban yafe nonona ba". Me za a ce musu? A nan dole a raba abubuwa biyu da muke yawan cakuɗawa: kyautatawa daban, kwaikwayo da miƙa wuya daban. Aya ta 15 ta Suratu Luƙman, wadda ke biye da ayar godiya kai tsaye, ta ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da alheri. Asma'u 'yar Abubakar ta tambaya ko ta sada zumunci da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba, aka ce ta sada. Khansa'u bint Khizam kuma ta kai ƙarar auren da mahaifinta ya ɗaura mata ba da sonta ba, aka warware shi, kamar yadda Bukhari ya kawo. Don haka hakkin haihuwa yana nan ko uba bai kyauta ba, amma albarka ba bulala ba ce da za a riƙa kaɗa 'ya'ya da ita. Na san mutanen da babban abin da suka koya a gidansu shi ne abin da ba za su taɓa yi ba: wanda ya ga ana dukan uwarsa ya yi rantsuwa hannunsa ba zai taɓa mace ba, ya kuma cika. Shi ma ta ido ya koya, sai dai ta bayan hannu.

Bayan rasuwa ne ake gane wanda godiyarsa ta yi saiwa. Addu'a da sadaka da biyan bashin mamaci kowa ya san da su, hadisin ɗa nagari mai addu'a kuma yana bakin kowa. Abin da aka fi mantawa shi ne mutanen da iyayen suka bari: aminin uba da suke zama a dakali ɗaya tun suna samari, ƙawar uwa da suka yi adashi tare shekara talatin, tsohon da ake aika wa hatsi duk kaka ba tare da kowa ya san dalili ba. Ana yin sadakar arba'in sai a daina ganin ƙafar 'ya'yan a gidajensu, su kuwa tsofaffin ba za su yi magana ba, sai dai in sun hango ka a hanya su ce "ɗan wane ne wancan, ko?"

Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi bin Umar yana kan hanyar Makka, yana da wani jaki da yake hawa in ya gaji da raƙumi, da rawani a kansa. Sai wani balaraben ƙauye ya gifta. Ibn Umar ya dube shi ya ce, ba kai ne ɗan wane ba? Ya ce ni ne. Ya sauka ya ba shi jakin, ya warware rawanin ya miƙa masa. Abokan tafiyarsa suka ce, Allah ya gafarta maka, mutanen ƙauye ne fa, abu kaɗan ma ya ishe su. Ya gaya musu ya ji Annabi (SAW) yana cewa yana daga mafificiyar biyayya mutum ya sada da masoyan mahaifinsa bayan ya tafi. Sannan ya ce, mahaifin wannan aminin Umar ne.